Tambaya da Amsa: Wai sai na bar tuwo da shinkafa kafin tumbina ya sauka?

Tambaya: Salam Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 29 daga Bolari nan cikin Gombe, ina zuwa filin wasa na Pantami da asuba in yi gudu, da yamma kuma ina ɗaga ƙarfe a jim. Wani abokina ne yace in dai ina so tumbina ya sauka sai na bar duk wani abu mai sitaci, tuwo, shinkafa, masa, burodi, komai da komai. Yau sati biyu kenan ƙwai da nama da kabeji kawai nake ci, na rage kilo biyu amma jiri nake ji, gudun ma ya fara gagarata, ga kuɗin nama ya fi ƙarfin aljihuna. Dan Allah in ci gaba ko in koma tuwo?

Amsa: Wa'alaikumussalam ƙanena. Ka koma tuwonka tun yau, amma ka tsaya ka ji wane iri kuma nawa.

Wannan abu da ake cewa kabohaidiret, wato sitaci da sukari da ke cikin gero, dawa, masara, shinkafa, doya, dankali, rogo har da wake da kayan marmari, shi ne jiki yake narkarwa ya mayar da shi gulukos, wato sukarin da jiki ke samun ƙarfi da shi, ya shiga jini. Ƙwaƙwalwarka kaɗai tana cin wajen giram 120 na gulukos a rana ko da kana kwance ba ka yin komai. Abin da ya yi saura kuma jiki yana ɓoye shi, wajen giram 100 a hanta, wajen giram 400 a tsokar nama, shi ne idan ka zura da gudu ko ka ɗaga ƙarfe tsokar take jawowa nan take. Toh kai ka yi sati biyu kana ɗiba a rumbu ba ka zubawa, kaga dole ƙafa ta yi nauyi kai ya riƙa juyawa.

Kilo biyun nan kuma kar ranka ya ɓaci, yawanci ruwa ne. Kowane giram ɗaya na wancan ajiyar yana riƙe da ruwa kamar giram uku, da ajiyar ta ƙare sai ruwan ya bi fitsari ya fita, sikeli ya nuna ka ragu alhali kitsen ciki yana nan kusan yadda yake. Shi ya sa in ka dawo cin tuwo za ka ga kilo ɗaya ko biyu sun dawo cikin kwana kaɗan, kar ka tsorata ka ce ƙiba ce ta dawo.

Ba wai abokinka ƙarya ya shara maka gaba ɗaya ba, akwai masu rage sitaci sosai kuma su rame, sai dai in an ɗau lokaci kamar shekara bambancinsu da wanda ya rage yawan abincinsa kawai ba wani mai yawa ba ne, kuma mutum nawa ne a garin nan zai iya shekara yana cin nama da ƙwai safe da rana da dare? Kitse yana sauka ne idan abin da kake ƙonawa ya fi abin da kake ci. Giram ɗaya na sitaci kalori 4 ne (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), giram ɗaya na mai kalori 9 ne, kaga sau da yawa man da aka malala a miya da wanda aka soya masa da fanke da shi ya fi tuwon laifi.

Abin da ya fi damuna wallahi shi ne samari su guji tuwon dawa amma su riƙe lemon kwalba da shayin mai shayi. Yawancin lemon nan akwai sukari wajen giram 10 a kowane mil 100, wato babbar roba ɗaya mai rabin lita ta kai giram 50, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi sukarin da ake ƙarawa a abinci kar ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin da mutum ke ci a rana, ga babba kusan giram 50 kenan, cokalin shayi 12, in an iya rabin haka ma ya fi. Roba ɗaya ta cinye kason yini, ba a zo kan shayin safe mai madarar gwangwani ba, ba a zo kan zoɓo da kunun aya da ake cika wa sukari ba. Nan za ka fara yanka.

Sai kuma irin hatsin. Gero da dawa da ba a surfe su tas ba suna da dusarsu, ita ce take sa abinci ya narke a hankali, ka daɗe da ƙoshi, bayan gida ma ya zo da sauƙi. Burodi fari, taliyar leda, fulawa da farar shinkafa an cire musu wannan, shi ya sa ka ci ƙarfe takwas kafin sha ɗaya cikinka na kuka. Allah ya hore mana wake a Gombe, ka riƙa haɗa shi da shinkafar rabi da rabi, ka ci alale, ka ci dambu da zogale da yawa. In an zubo abinci rabin kwanon ya zama ganye da miya irin su kuka, kuɓewa, rama, alayyahu, tuwo malmala ɗaya kamar dunƙulen hannunka, sauran wake ko kifi ko ƙwai ko nama. Ranar da ka yi gudu mai nisa ka ƙara tuwon kaɗan, ranar da ka wuni a zaune ka rage.

Kafin ka fita da asuba ayaba ɗaya ko dabino biyu zuwa uku da ruwa sun isa, in ka dawo ka sha koko da ƙosai ko fura da nono ba sukari. In jirin bai tafi ba bayan ka dawo cin abinci sosai ka je asibiti a auna jininka.

Tambaya: Ni matar aure ce daga Kumo, maigidana yana da ciwon suga, an ce mana tuwon alkama da acca ba su da suga don haka su yake ci har ya ƙoshi, shayi kuma da zuma yake sha. Amma kullum aka gwada sugan yana sama.

Amsa: Hajiya Allah ya ba maigida lafiya. Wannan magana ta yaɗu sosai kuma tana cutar da mutane. Alkama da acca hatsi ne, sitaci ne a cikinsu kamar dawa da gero, in ya ci malmala uku sugan zai hau ko da na alkama ne, balle in an niƙa ta lukui. Yawan da ya ci shi ne babban abin dubawa, ki rage malmalar ki ƙara miyar ganye da wake, ki raba masa abincin kashi kashi a yini maimakon ya cika ciki sau ɗaya. Zuma kuma sukari ce, tana ɗaga suga ita ma. Amma ina roƙonki kar ya yanke tuwo kwatakwata alhali yana shan magani ko yana allurar insulin, sugan zai iya faɗuwa ƙasa ya kama rawar jiki da gumi har ya suma, wannan haɗari ne babba. Ku rubuta abin da yake ci da sakamakon gwajin na kwana bakwai ku kai wa likitansa, shi zai duba ko maganin ne yake son gyara.

Tambaya: Ɗaliba ce ni daga Tumfure, wai gaskiya ne cin tuwo da dare shi ke kawo teɓa?

Amsa: Ƙanwata jimillar abin da kika ci daga safe zuwa dare ita ke kawo teɓa, ba tuwon dare shi kaɗai ba. Sai dai cika ciki a kwanta nan take yana kawo ƙwarnafi da nauyin ciki, ki ci bayan magariba ki bar awa biyu ko uku kafin barci, in da hali ki ɗan taka ko minti 15 ne a tsakar gida bayan kin gama.