Zubin saƙa yana da ƙofar shiga

Ummi, uwata ta kaina, assalamu alaikum. Ya Fot Sudan, ya zafin bakin teku, ya maigidan naki da yara? Mu nan Mai Wurno sai godiyar Allah, sanyi ya fara leƙowa da asuba.

Na ji abin da ya shiga tsakaninki da maƙwabciyarki. Kin ce a gidan suna kika ga jariri sanye da riga da hula da safa na ulu, saƙar wata Hajiya da ke bayan layinku. Kika ɗauki hoto da waya, kika koma gida kika yi ta ƙirga idon saƙar har kika gano yadda aka yi, kika rubuta, kika tura wa ƙawayenki da kuke saƙa tare. Magana ta koma kunnen Hajiya, yanzu da ƙyar take amsa gaisuwarki. Shi ne kike tambaya ko a al'adarmu zubin saƙa yana da mai shi, tun da ke ba sayarwa kike yi ba, don jin daɗi kike yi.

Wadda ta iya zare zubi daga hoto tana da ido, wannan kam na yaba miki. Amma Hajiya tana da gaskiyar yin fushi.

Ki fara sanin cewa tsinke da kwarashi ba sa cikin kayan da kakanninmu suka ɗauko daga gida. Waɗanda suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903, har suka kafa garin nan a bakin kogi a ƙasar Sudan, abin da suka zo da shi kaɗi ne da masaƙa da ɗinkin hula da aikin babbar riga. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, gonakin yankin Jazira suka cika da auduga, mutanenmu suka shiga tsinta, mata kuma suka sami abin kaɗi. Na taso na tarar da kakarki, wadda kika ci sunanta, tana gurzar auduga a kan dutse, ta shiɓe ta, ta zauna da mazari da alli a gefenta har la'asar. Saƙar tsinke kuwa a hannun 'yan makaranta muka gan ta. Tun makarantar 'yan mata da Babikir Badri ya buɗe a Rufa'a a 1907 ake haɗa wa yarinya karatu da aikin allura, kuma ni ma a aji na koya, daga baya na koyar. Don haka in kin ji wata ta ce ga dokar kaka da kakanni a kan kwarashi, ki yi murmushi kawai. Abin da ya faru shi ne mata sun ɗauko ladabin da suka sani a ɗinki da kitso da saƙar faifai, suka ɗora wa sabuwar sana'a.

A wannan ladabi, tsohon zubi na kowa ne. Ba wanda zai ce aska takwas ta gidansu ce, ba makitsiyar da za ta hana wata yin shuku. Sabon zubi kuwa, wanda mace ta ɓata dare ta ƙirƙiro, ko ta samo daga nesa ta gyara shi da hannunta, shi ake nema, kuma neman yana da hanya.

Bayan la'asar ake zuwa. Ki ɗauki zarenki da kwarashinki, ki ƙulla ɗan sukari ko 'ya'yan gahawa a gefen mayafi. A gaisa, a zauna a kan angarib, gadon nan na igiya, a ɗora jabana, butar gahawa, a wuta. Ba a shiga da maganar daga bakin ƙofa. Sai hira ta yi nisa ki ɗauki aikin ki juya shi ciki da waje, ki ce, "Yaya, wannan hannu naki sai dai a ce masha Allah, a ina kika samo shi?" Ta san abin da ya kawo ki tun da ta ga zare. In ta yarda za ta ce kawo nan. Ta fara miki layin farko da na biyu a kan zarenki, ta miƙo miki, ki ci gaba tana kallo ta gefen ido tana zuba gahawa. In kin karkace ba za ta yi dogon bayani ba, za ta karɓa ta ja zaren ta warware har inda kika ɓata, ta mayar miki. In kuwa ta ce "sai wani jiƙon," ko ta sako maganar tsadar albasa, to an hana ki ke nan cikin mutunci. Ba a maimaita roƙo, ba a kuma fita ana yi da ita.

Littafinmu a lokacin gwangwanin alewa ne. Kowace gwanar saƙa tana da nata, cike da 'yan guntaye kamar tafin hannu, kowane da zubinsa, wasu har sun yi ja don tsufa. Ana ba da aron guntu, amma da sharuɗɗan da ba sai an faɗa ba. Ba a warware shi don a ga cikinsa. Ba a miƙa wa wata sai an koma an tambayi mai shi. Ranar mayarwa ba a zuwa hannu rabbana, ko ƙullin zare ɗaya ne a haɗa da shi tukuici. Sannan zubin yana tafiya da sunan mai shi. Har gobe akwai wata kwalliyar bakin tagiya da muke kira ta matar mai agashe, baiwar Allah ta daɗe da rasuwa, jikokinta ma ba su iya riƙe kwarashi ba, amma duk wadda ta saƙa sai ta ambace ta, wata ma ta ƙara da Allah ya jiƙanta. Takardar da kika tura wa ƙawayenki, sunan wa ke kanta?

Abin da ya fi wannan nauyi yana cikin saƙonki, kin faɗe shi a gurguje kin wuce. Kin ce Hajiya daga Hartum ta taho bayan yaƙin nan ya ɓarke a Afrilun 2023, mijinta ya rasu, kuma kayan jarirai take saƙawa ana saye. To Ummi, abin da ke nishaɗi a wurinki tukunyar gidanta ce. Ke ba za ki sayar ba, na yarda. Za ki iya rantsewa a kan ƙawayenki duka, da ƙawayen ƙawayenki? Gobe wata mai hannu da sauri za ta saƙa goma ta karya kuɗin, masu suna su daina ƙwanƙwasa ƙofar Hajiya. A da in mun san mace da zubinta take ci, ko ta koya mana, na cikin gida muke yi. A saƙa wa miji tagiyar da zai naɗa rawani a kai, a saƙa wa jika hula, amma ba a kai irinsa kasuwar da take kaiwa.

Na san cikin ƙawayen naki akwai wadda za ta ce ɓoye ilimi haramun ne. Ku tambayi malamai, za su gaya muku a kan wane irin ilimi aka yi wannan gargaɗi. Su dai malaman, a taron majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da aka yi a Kuwait a 1988, sun tabbatar cewa abin da mutum ya wallafa ko ya ƙirƙira haƙƙinsa ne da shari'a ta kare. Mu ba mu san da wani taro ba a lokacin, abin da aka karantar da mu a zaure shi ne babu cuta babu cutarwa. Haka nake ganin zubin da kuke samu a intanet. Wanda mai shi ta sake kyauta, ku ɗauka ku yi mata addu'a, ko daga Turkiyya take ko Japan, tun da zanen alamomin da ake nuna zubi da su ba ya buƙatar tafinta. Wanda ta sa wa kuɗi, in ɗaya ta saya ta raba wa ashirin, ta ci haƙƙi, nisan garin mai shi bai canza komai ba.

Wani abin kuma, hoto bai ba ki duka ba. Kin ce hular da kika gwada ta yi tsini a ka, bakinta kuma ya saki. Ƙarin ido ne bai isa ba a zagayen farko. In ƙarin ya yi kaɗan tsakiyar sai ta tattare ta yi tsini, in ya yi yawa sai ta yi lanƙwashe-lanƙwashe ta ƙi kwanciya. Bakin kuma da ƙaramin tsinke ake yinsa, biyu gaba biyu baya, shi ke sa ya kama kan yaro ba tare da ya matse shi ba. Sannan kowace mace da jan zarenta. Ki ba mata biyu ƙirga ɗaya da zare ɗaya, ta ɗaya ta shiga kan jariri, ta ɗaya sai ɗan yaye. Wannan sai an zauna gwiwa da gwiwa ake ɗaukarsa.

Ga shawarata. Kada ki ba ta haƙuri ta waya. Ki roƙi surukarki ta raka ki, ki sayi ƙullin ulu mai kyau kamar biyu ki riƙe. Ki ce kin yi ƙuruciya, ki tsaya nan, kada ki shiga kawo hujjar cewa ba ki sani ba. Kafin ki je ki gaya wa ƙawayenki zubin na Hajiya ne, na saƙawa a gida ne, mai neman na saye a nuna mata gidanta. In kin ga fuskarta ta saki, ki tambaye ta ko za ta riƙa zama da ku rana ɗaya a mako tana koya muku, kuna haɗa mata wani abu kamar yadda kuke zubin adashi. In ta ƙi, ki bar ta, ki ci gaba da gaishe ta safe da yamma.

Kayan da kike shirya wa cikin ƙanwarki kuma, ki bar ulun roba. Garinku ga zafi ga gumi, ƙuraje zai feso wa jariri. Ki nemi zaren auduga mai laushi, ki sayi abin da zai ishe ki gaba ɗaya, don in ya yanke kika koma kanti ba lallai rinin ya zo daidai ba. Ki gaishe mini da surukarki, ki ce mata ciwon gwiwar da sauƙi.

Goggonki.