Hukuncin sayen takardar shaidar asalin wutar lantarki

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Kamfanin da nake wa aiki yana sayen wasu takardu da ke shaida cewa wutarmu daga hasken rana da iska take, alhali wutar da ke shigo mana ta waya iri ɗaya ce da ta kowa, har da ta kwal da iskar gas a ciki. Ni aka ɗora wa sayen. Wannan ciniki halal ne, ko ƙarya muke saye da kuɗi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Hukunci kan abu yana bin fahimtarsa ne, don haka mu fara da shi kansa abin. Wuta idan ta hau babban layi ba mai iya tsince ta rana daga ta kwal, kamar ruwan rafuka bayan sun haɗu a kogi. Shi ya sa aka kafa rajista. Duk tashar da ta samar da megawat-awa ɗaya, wato kilowat-awa 1,000, daga rana, iska ko ruwa, sai hukumar rajista ta ba ta takarda guda mai lamba, ɗauke da sunan tashar da lokacin da aka samar da wutar. Tashar na iya sayar da wutar ga wani, takardar kuma ga wani daban. A Amurka ana ce mata REC, a Birtaniya REGO, hukumar Ofgem ce ke bayarwa, a Tarayyar Turai kuwa dokar 2018 ta ba ta wata 12 tana aiki.

To abin da kake saye haƙƙi ne, haƙƙin a jingina maka wancan awon wutar. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙoƙi irin su sunan kasuwanci da haƙƙin mawallafi dukiya ce da ake saye da sayarwa, muddin babu garari (rashin tabbas kan abin da ake ciniki a kansa) da yaudara. Wannan takarda, a fahimtata, ta shiga wannan babi: an san adadinta, an san mai ita, ana iya miƙa ta.

Wani zai kawo ƙissar takardun abinci na zamanin Marwan ɗan Hakam, waɗanda mutane suka riƙa sayarwa kafin su karɓi abincin, har Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, ya yi inkari. Amma a mazhabar Malik hanin sayarwa kafin karɓa ya keɓanta da abinci ne, kuma ita wannan takardar ba alkawarin wani kaya ba ce da za a je a karɓo daga baya. Da zarar ta shiga asusunka na rajista, ka karɓa.

Inda nake jin tsoro shi ne harshe. Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Dubi ƙasar Aisland: wutarta ta ruwa ce da zafin ƙarƙashin ƙasa, ba ta da wayar da ta haɗa ta da Turai, amma tana sayar wa Turawa takardun. Idan masana'antar can ta ce wutarta tsaftatacciya ce, mai takardar a Jamus shi ma ya ce haka, an sayar da abu ɗaya sau biyu ke nan, kuma wannan haram ne. Wanda ya sayar da takardarsa ya sayar da iƙirarinsa tare da ita.

Saboda haka ka saya, halal ne, da sharaɗin takardar ta fito daga rajistar da aka amince da ita, a soke ta da sunan kamfaninku bayan amfani don kada ta sake shiga kasuwa, adadinta kuma ya yi daidai da wutar da kuka ci. A talla ku rubuta cewa kun sayi takardun shaida daidai da wutarku. Idan shugabanninka suka nace sai an ce wa jama'a wutar da ke cikin wayarku ta rana ce zalla, ka yi musu nasiha, kada ka sa hannu a wannan rubutun. Wallahu a'alam.