Hannun Baba na dama ya daina lilo in yana tafiya

Ɗan'uwa, ka ce hannun daman Baba yana manne da jikinsa in yana tafiya, na hagun kuwa yana lilo yadda ya saba. Allah Ya ba shi lafiya.

Lilon hannu ba ado ba ne. A cikin lakar ƙashin baya akwai jijiyoyin da ke tsara takun ƙafa ba tare da mutum ya yi tunani ba, kuma suna haɗe da na wuya masu kula da hannaye. Shi ya sa ƙafar hagu in ta yi gaba, hannun dama ke bin ta. Wannan ke hana gangar jiki murɗewa, ya kuma rage gajiya.

Idan hannu ɗaya ya daina lilo sannu a hankali, yana iya zama alamar farko ta cutar Parkinson, wata cutar ƙwaƙwalwa mai sa karkarwa da sandarewar jiki, tun kafin karkarwa ta bayyana. Duba ko takunsa ya gajarta, ko rubutunsa ya ƙanƙance. Ciwon kafaɗa ma yana iya hana hannu lilo.

Kada a ce tsufa ne ko sanyi, a shiga sayen magani a kemis. Ku kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. In kuwa farat ɗaya abin ya faru, baki ya karkace ko magana ta sarƙe, ku garzaya asibiti nan take, don alamar shanyewar ɓarin jiki ce.