Kangon Takht-i-Bahi: Me Ake Gani A Can?

Tambaya: Malam, zan je birnin Peshawar na ƙasar Pakistan harkar kasuwanci daga nan Agege. An ce akwai kangon 'yan Buda kusa da garin. Ya cancanci ziyara?

Amsa: Ƙwarai kuwa, Alhaji. Takht-i-Bahi ke nan, tsohon gidan ibadar mabiya addinin Buda, kusa da garin Mardan, tafiyar kamar awa biyu a mota daga Peshawar. An fara gina shi tun ƙarni na 1 miladiyya, aka yi ta zama a cikinsa har ƙarni na 7. UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1980.

Kasancewarsa kan tudu ne ya tsirar da shi daga mahara. Akwai farfajiyar stupa, wato ginin da ake adana abin tunawa da Buda, da ɗakunan almajirai kewaye da tsakar gida, da zauren taro. Ka tsaya ka dubi bangon da kyau: manyan duwatsu ne, an cusa siraran falalen dutse a tsakaninsu.

Ka fita da asuba, da ruwa da takalmi mai kama ƙasa, don matakalan da yawa, zafin Yuni kuma ya fi na Legas. Gumakan da aka haƙo, da dama suna gidan tarihi na Peshawar.