Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan maganin da ba ya warkarwa

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, kin ce likita ya shaida muku cewa maganin da ake yi wa Baba ba zai warkar da dajin hantarsa ba, sai dai ya ɗan ja kwanaki, kuma kina son sanin sunan irin wannan magani a bakin likitoci. Allah ya ba shi sauƙi. Na yi jinyar mahaifiyata wata bakwai a kan wannan ciwo, ina kai-komo tsakanin ƙauyenmu da ke kusa da Ringim da asibitin birni, kuma rashin sanin waɗannan kalmomi ne ya ci mana shanun huɗa biyu.

Sunan ba ɗaya ba ne. Akwai maganin tsawaita rayuwa, wanda yake riƙe majiyyaci ba tare da ya kawar da cutar ba, kamar na'urar taimaka wa numfashi, ko wankin ƙoda da ake yi sau biyu ko uku a mako. Wannan ba abin rainawa ba ne, domin akwai waɗanda suka yi shekaru suna wankin ƙoda suna kuma neman abincin iyalinsu. Idan kuwa jiki ya riga ya gaza, ya zama maganin ba ya ƙara komai sai wahala, to shi ne suke kira magani marar fa'ida, kuma a littattafansu akwai kalmar distanesiya, wadda asalinta Girkanci ne, ma'anarta jan mutuwa cikin azaba.

Kalmar da na fi so ki riƙe ita ce faliyatib. Mun saba jinta a rediyo tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, ana nufin kayan rage raɗaɗi, kuma a asibiti ma kusan ma'anar ke nan: kulawar da ba ta nufin warkarwa, sai dai kwantar da zogi, amai, rashin barci da fargaba. Wata likita a Ingila, Cicely Saunders, ita ce ta buɗe gidan jinya na zamani na farko domin irin waɗannan marasa lafiya a Landan a 1967, sannan a 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin maganin zogi mai hawa uku, daga farasitamol, zuwa irin su kodin, zuwa mofin.

Mu ba wanda ya bambance mana waɗannan, mu ma kunya ta hana mu tambaya. Cikin Inna ya kumbura, idanunta sun yi rawaya, ana zuƙe ruwa yana dawowa, mu kuwa duk takardar da aka miƙo sai mu saya, muna zaton warakar ce take tafe. Sai da wata ma'aikaciyar jinya ta ja ni gefe ta ce, "Malam, ku nema mata abin da zai sa ta yi barci." Da aka fara ba ta mofin na sha duk bayan awa huɗu, a daren ta yi barcin da ta yi wata biyu ba ta samu ba. Muka dawo da ita gida, ta riƙa zama a tabarma ƙarƙashin darbejiya tana kurɓar kunun tsamiya, jikoki na kewaye da ita, har ta yi wasiyyarta da bakinta. Kwana 24 ta yi a haka. Na ji tsoro da farko kada mofin ya gaggauta mata ajali, amma idan likita ne ya auna shi daidai da zogin, ba ya yin haka.

Ban ce ku dakatar da maganin Baba ba, wannan shawara tasa ce da likitansa. Ki tafi da ƙanensa ko babban yayanku, ku tambayi likitan kai tsaye: wannan allura ta warkarwa ce, ta ƙarin kwanaki ce, ko ta rage raɗaɗi, kuma in ta ƙarin kwanaki ce, a wane hali zai yi su? Idan an rubuta masa mofin, ku nemi a haɗa da maganin sassauta bahaya, domin yana ɗaure ciki sosai.