Ruwan da ke cin ƙanƙarar Antaktika ta ƙarƙashi

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar kimiyya ce a makarantar sakandare. Wani ɗalibina ya ji an ce ruwan teku ne ke narkar da ƙanƙarar Antaktika ta ƙasa, sai ya tambaye ni: ruwan da shi ma sanyi ƙarara ne, ta yaya zai narkar da ƙanƙara? Kuma in dai ƙanƙarar da ma a kan ruwa take, narkewarta za ta ƙara wa teku wani abu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki gaishe min da ɗalibin nan, don ya tambayi abin da masana suka shafe shekaru suna bin diddiginsa.

Ƙanƙarar da ta lulluɓe Antaktika, nahiyar da ke can ƙarshen kudancin duniya, ba a tsaye take ba. Tana gangarowa a hankali daga tudu zuwa gaɓa, kamar kogi mai nauyin tafiya. In ta iso teku ba nan take take karyewa ba, sai ta miƙe a kan ruwa, gindinta na manne da ƙasa, gabanta na shawagi. Wannan ɓangare nake kira rumfar ƙanƙara, domin akwai ruwa a ƙarƙashinta. Mafi girma ita ce rumfar Ross, wadda faɗinta ya kusa kai ƙasar Faransa, kaurinta kuma ɗaruruwan mitoci ne.

Ruwan daɗi yana daskarewa a digiri sifili a ma'aunin Salshiyas. Ruwan teku kuwa, saboda gishirinsa, sai ya sauka zuwa kusan digiri 1.9 ƙasa da sifili. Nauyin ruwan da ke bisa shi ma yana ƙara sauko da wannan iyaka, da kusan kashi uku cikin huɗu na digiri a kowace mita 1,000 ta zurfi. Saboda haka a gindin rumfa, can ƙasa, ruwan da ke digiri 1 kacal sama da sifili ya riga ya zarce iyakar daskarewa da wajen digiri uku. Ki sa hannu a cikinsa, hannun zai sandare. A wurin ƙanƙara kuwa ruwan ɗumi ne.

Irin wannan ruwa yana nan yana kewaya Antaktika a zurfin ɗaruruwan mitoci. Ya fi na sama ɗumi, amma ya fi shi gishiri, gishirin ne ke sa shi nauyi ya kwanta a ƙasa. A yammacin nahiyar, a tekun Amundsen, akwai manyan kwazazzabai a ƙasan teku waɗanda ƙanƙara ta haƙa tun zamanin da. Ta cikinsu ruwan ke silalowa har ƙarƙashin rumfunan Pine Island da Thwaites, kuma iskar da ke kaɗawa a saman teku tana da hannu wajen yawan abin da ke shigowa.

Ga wurin da nake so ki tsaya da ɗaliban. Digiri uku ba wani zafi ba ne. Kafin kilo ɗaya na ƙanƙara ya narke, sai wajen kilo 30 na irin wannan ruwa sun ba da duk ɗumin da ke jikinsu. Da ruwan a tsaye yake, da ya huce, aikin ya tsaya. Amma ruwan da ya narke daga ƙanƙara ba shi da gishiri, bai kai na teku nauyi ba, sai ya bi ƙarƙashin rumfar ya hau sama yana neman mafita. Tashin da ya yi shi ke janyo sabon ruwan ɗumi ta ƙasa ya maye gurbinsa. Narkewar da kanta ke kiran abin da zai ƙara narkar da ita, dare da rana, rani da hunturu, ko da iskar waje ta kai digiri 30 ƙasa da sifili. A gindin rumfar Pine Island, abin da ke zaizayewa ta haka ya kai gomman mitoci a shekara. Binciken da masanin ƙanƙara Eric Rignot da abokan aikinsa suka wallafa a 2013 ya nuna cewa fiye da rabin abin da rumfunan Antaktika ke asara ta ƙasa yake tafiya, ya zarce abin da ke ɓallewa ya faɗa teku a idon kowa.

A farkon 2020 masana daga Amurka da Birtaniya suka huda rumfar Thwaites da ruwan zafi, rami mai zurfin kusan mita 600, suka zura wata siririyar na'ura mai suna Icefin. Sakamakon ya fito a 2023, kuma ni dai ya daɗe a raina. A inda ƙasan rumfar yake shimfiɗe, narkewar ba ta kai yadda aka zata ba, 'yan mitoci ne a shekara, saboda ruwan daɗin da ya narke ya kwanta a jikin ƙanƙarar ya tare ɗumin. Amma a cikin tsaguna, da wuraren da ƙanƙarar ta yi hawa-hawa kamar matakala, ruwan yana ci da sauri. Wato a daidai inda rumfar take da rauni, nan ake ƙwaƙularta.

Tambayarsa ta biyu, yana da gaskiya: ƙanƙarar da ke shawagi in ta narke, abin da take ƙara wa teku kaɗan ne ƙwarai. Damuwar ita ce rumfar toshiya ce. Tana gugar duwatsun gefe da tudun da ke ƙasan teku, tana tokare ƙanƙarar da ke bayanta a kan tudu. An ga haka a 2002, lokacin da rumfar Larsen B, mai faɗin murabba'in kilomita sama da 3,000, ta wargaje cikin 'yan makonni. Ita ruwan da ya taru a samanta ne ya fi yi mata illa, amma bayan tafiyarta gudun wasu kogunan ƙanƙarar da ke bayanta ya ninka sau da yawa. Wannan ƙanƙara ta tudu ita ke ɗaga teku. A Thwaites kuma ƙasan da ƙanƙarar ke zaune a kai yana ƙara zurfi ne in aka nufi cikin nahiyar, don haka duk ja da bayan da gindin ya yi, kaurin da ruwa zai taɓa ƙaruwa yake yi. Ƙanƙarar Thwaites kaɗai ta isa ɗaga tekun duniya da kusan santimita 65.

Malama, ki gwada musu wannan a aji. Ki daskarar da ruwa mai launi, ki cika kofunan gilashi biyu, ɗaya da ruwan daɗi, ɗaya da ruwa mai gishiri sosai, ki sa ƙanƙarar a kowane, kada a motsa. A na ruwan daɗi za su ga launin yana zubowa ƙasa, ƙanƙarar ta ƙare da wuri. A na gishiri launin zai taru a sama ya kewaye ƙanƙarar, ta daɗe ba ta narke ba. Wannan shimfiɗar ce Icefin ta gani. Daga nan sai ki sa cokali ki juya ruwan gishirin, su ga yadda ƙanƙarar za ta fara raguwa da sauri.