Tambaya da Amsa: Tsohon Agogon Hannu da Abokan Harkarsa

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gaji agogon Seiko 5 daga mahaifina, wanda ya sayo a Makka lokacin da ya sauke farali. Ranakun da ke fuskarsa da Larabci suke. Ba shi da batir, kuma sai na girgiza shi yake tashi. Ya lalace ne? Ta yaya zan san shekarunsa? (Daga wani mai karatu a Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka. Malam, agogonka lafiyarsa ƙalau ta wannan ɓangaren, haka aka ƙera shi. A cikinsa akwai wani ƙarfe mai siffar rabin wata da ke juyawa duk sanda ka motsa hannu, shi ne yake ɗaure babban sifirin da ke tafiyar da injin. Yawancin tsofaffin Seiko 5 ba a yi musu wani, wato ɗaure sifirin da yatsa, ko ka murɗa kan da ke gefe babu abin da zai ƙaru. Ka riƙe shi a tafin hannu, ka kaɗa shi a hankali hagu da dama na kamar rabin minti, ka saita lokaci, ka ɗaura. In ya yini a hannu, zai iya yin kusan awa 40 a ajiye bai tsaya ba.

Batun shekaru kuwa, juya bayansa. Za ka ga lambobi iri biyu a murfin. Na farko guda takwas ne da ɗan layi a tsakiya: huɗun farko sunan inji ne, huɗun ƙarshe na gidan agogon. Na biyu lamba ce, galibi mai guda shida. A wannan, ta farko ita ce lambar ƙarshe ta shekarar da aka ƙera shi, ta biyu kuma wata. Nuwamba ana sa N, Disamba D. Matsalar ita ce lamba ɗaya ba ta nuna ko 1979 ce ko 1989, sai an haɗa da injin. Misali, inji 6309 an yi shi ne daga 1976 zuwa 1988, saboda haka in lambarka ta fara da 94, agogon na Afrilun 1979 ne. In ka ga 7S26, to bai girmi 1996 ba. Kamfanin dai ya fara fitar da Seiko 5 a 1963.

Abin da ya fi damunmu shi ne man da ke ciki. Agogon da ya shekara talatin a akwati mansa ya bushe ƙurmus, kuma injin irin wannan yana bugawa sau 21,600 a awa guda. In ka ci gaba da ɗaura shi a haka, ƙarfe ne ke cin ƙarfe, ga shi kayan gyaran suna ƙara wuya. Kai shi wanki tukuna. Wankin gaskiya shi ne a warware injin ɗaya bayan ɗaya, a wanke kowane yanki, a mayar, a ɗiga mai da bakin allura a inda ake bukata kawai. Ka tsaya ka kalli teburin mai gyaran: in ka ga yana tsoma inji sukutum a murfin kwalba mai fetur, ya hure da baki, ya ɗiga man keken ɗinki, ɗauki abinka ka yi gaba. Zai yi aiki wata biyu, sannan man ya malale ya kama ƙura ya zama laka. A ƙasarmu mai hunturu, wanki duk shekara huɗu ko biyar ya dace.

Kuma ka kiyaye wannan: kada ka sauya kwanan wata tsakanin ƙarfe tara na dare da uku na asuba a lokacin agogon. A wannan tsakanin haƙoran da ke tura kwanan wata sun riga sun shiga juna, tursasa su na iya karya su. Kai hannayen ƙarfe shida, ka gyara kwanan wata, sannan ka dawo da lokaci.

Tambaya: Agogona mai wani ya daɗe yana tafiya daidai, kwatsam ya fara gudu, yana ƙara minti goma a rana. Jiya kuma na ga hazo a ƙarƙashin gilashin. (Daga wata mai karatu a Maraɗi)

Amsa: Hajiya, matsala biyu ce, kuma ta biyun ta fi gaggawa. Hazo ruwa ne ya shiga. Robar da ke murfin baya da wadda ke cikin kan wani suna ƙandarewa da tsufa, saboda haka rubutun da ke cewa ba ya shan ruwa ya daina aiki tun tuni. Kada ki tsaya binne shi a shinkafa, cikin kwana kaɗan tsatsa za ta kama. Ki kai a buɗe a shanya a yau, a sauya robobin. Daga yanzu ki riƙa cire shi kafin alwala da wanke-wanke.

Gudun kuwa galibi maganaɗisu ne. Akwai wani siririn sifirin mai kama da gashi wanda ke daidaita bugun agogo. In ya kwana kusa da lasifika, ko waya, ko maɓallin jaka mai maganaɗisu, zagayensa na mannewa da juna, ya gajarce, agogo ya kama sauri. Gwajin mai sauƙi ne: ki ajiye kamfas ɗin duba alƙibla a tebur, ki kawo agogon kusa a hankali. In allurar ta juya sosai tana binsa, shi ke nan. Akwai ƙaramar na'ura da ke cire maganaɗisun cikin daƙiƙoƙi. Kada ki bari a taɓa madaidaicin gudu kafin a yi wannan. Tsohon agogo da ke ƙara ko rage rabin minti zuwa minti guda a rana, ba shi da laifi.

Tambaya: Fuskar tsohon Omega ɗina ta yi ja-ja. In sa a sake mata fenti? (Daga Jos)

Amsa: A'a, Malam, don Allah bar ta. Masu tara agogo wannan tsufan suke saye, fenti kuwa yana zubar da darajar. Gilashin in na roba ne, ɗan man goge baki da tsumma mai laushi na share ƙananan ƙarce. Sai gargaɗi guda: agogunan da aka yi kafin shekarun 1960 da dama an shafa wa lambobinsu sinadarin radiyom don su yi haske da dare, kuma ƙurarsa na da illa in an shaƙa. Kada ka buɗe irinsu a gida, kada ka kankare lambobin.

Tambaya: Mu shida ne, agogo ne ya haɗa mu, duk Asabar muna zama muna musaya. Na sayi wani daga ɗayanmu, daga baya aka ce mini fuskarsa jabu ce. Shi ma ya rantse bai sani ba. Yanzu majalisar ta yi sanyi. (Daga Kano)

Amsa: Wannan tambayar ta taɓa mu, domin irin majalisarku ta fi kowane agogo tsada. A nan ne za ka ga ɗan kasuwa da malamin makaranta da direba sun haɗa kai a kan tabarma ana miƙa madubin dubawa daga hannu zuwa hannu, wanda ke da mataccen agogo a aljihun tebur ya ba ɗan'uwansa ya ciri kayan gyara kyauta. Kuma mai yiwuwa abokinka gaskiya ya faɗa. Kasuwa ta cika da tsofaffin Seiko, Citizen, Oris da HMT da aka sake wa fuska da fenti mai ƙyalli, yawanci daga Indiya, har ƙwararru na faɗawa.

Ku koyi duba abu uku tare. A Seiko akwai ƙananan lambobi a ƙasan fuska, wajen ƙarfe shida. Farkonsu dole ya dace da lambar injin da ke murfin baya, kuma ya dace da wadda aka buga a jikin injin kansa. Ku duba rubutu da madubi: na kamfani siriri ne mai tsabta, na jabu yana da kauri, gefensa ya malale. Sannan ku kwatanta tsufa. Gida ya sha ƙarce, sarƙa ta saki, amma fuska fes kamar jiya aka yi ta, akwai magana.

Sai ku kafa ƙa'ida a majalisa, kowa ya amince. Ba a cinikin agogo sai an buɗe baya a gaban mutum na uku. Mai sayarwa ya faɗi duk abin da ya san an sauya, ko gilashi ne, ko hannaye, ko kan wani. A ɗauki hoton fuska, baya da inji. A ba mai saye kwana uku ya ɗaura ya gani, in bai gamsu ba ya mayar ba tare da fushi ba. Aro ma a rubuta ranarsa, kuma a amince tun farko wa zai biya in ya faɗi.

Game da wanda ya riga ya faru, ɗan'uwa, kai ne za ka fara zuwa wurinsa, ku biyu, ba a gaban jama'a ba. Ku tambayi mai gyaran da kuka yarda da shi nawa agogon zai yi a yadda yake, ku raba bambancin biyu, ko ya karɓi kayansa ya ba ka wani. Asabar mai zuwa ka zo majalisa da agogon, ku ajiye shi kusa da na asali, kowa ya ɗauki madubi ya ga inda rubutun ya bambanta.